Bashen Kututture Ba Ta Tashi da Turi

Idirisa Kututture ɗan Tsibiri ne, amma a Sabon Garin Maradi ya yi gida. Zamanin da shike kokawa, da ƙafar hagu shike cin mutane. Shi saƙala ma ƙato ita, kahin ka ce wani abu ƙato shina kallon sama. Da ya bar kokawa sai ya sayi tsohuwar Fijo bashe mai buɗaɗɗen baya, shina ɗauko matan Jiratawa da kayan lambunsu, zogale da tumatir da tattasai, shina kawo su kasuwar Maradi. Ƙafar nan ta hagu dai ita ta ci gaba da ciyar da gidanshi, don da ita ake taka ambiriyaji, wato kuloci, in za a canza bitas, wato giya.

To, ita ce ta mutu.

Ba rana ɗaya ta mutu ba. Da fari nauyi ta yi, daga baya in ya tsunkule ta sai shi ji kamar ƙafar maƙwabci ce. Lokotoro ya duba ya ce jijiya ce daga baya, tsohon ciwon kokawa, ya rubuta maganin da babu shi ko'ina. Lokacin nan ne aka karya darajar kuɗin sefa, ma'aikata yau yajin aiki gobe yajin aiki, ƴan jam'iyyu suna yawo gari gari suna neman ƙuri'a. Kowa da abin da ya dame shi, ba mai duban ƙafar wani.

Matarshi Zuliha kaɗai ta sani, ita ma ya hana ta faɗi. Salla a ɗaki shike yi, a zaune. Mota har bakin zaure shike jingine ta, shi dafa bango shi faɗa ciki tun unguwa ba ta gama watsakkewa ba, in ya zauna kuwa ba sauka sai ya dawo. A tasha da Jiratawa ta taga shike gaisawa. Mutane suka ce Kututture ya yi girman kai. Ya gwammace a ce haka. Ya san in ƴan sandika, wato ƙungiyar direbobi, suka ji za su hana shi lodi, kuma wace mata ce za ta ɗora ranta da kayanta bayan direba mai mataccen gehe? Wannan shi ne abin da shike faɗa ma Zuliha. Abin da bai faɗa mata ba, ba shi son mutanen da suka ga ƙafar nan tana kada maza su gan ta tana jan ƙasa.

Da hannu shike danna gwiwar in zai canza bitas. Ran nan a bakin kasuwa hannun ya zame, saura kaɗan shi hau amalanken jaki. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai garajin Maman Lawali, abokinshi mai gyaran mota.

"Maman, na ji an ce kana da buwat, akwatin bitas ɗin motar Bature."

"Wadda ta yi hatsari hanyar Dakoro? Tana nan. Mota ta mutu, buwat lahiya lau. Ita ke canza bitas da kanta, babu ambiriyaji, ƙafa ɗaya ta ishe ka. Har wani bitas gare ta na sama, in ka hau gudoro, hanyar kwalta, ta ɗauki gudu sai inji shi kwanta, ba ta shan mai, isansi kaɗan ya ishe ta."

"Ita nike so. Ka sa mani."

"A bashe? Kai, Kututture! Ko ni ban taɓa buɗe irinta ba. Don me?"

"Kai ka faɗa da bakinka. Isansi ya yi tsada."

Maman Lawali ya dube shi ta taga, ya sosa ƙeya, ya ce to.

Aikin ya ci kwanaki. Sai da aka yanke ƙasan motar don buwat ɗin ya hi wurin girma, aka gajarce sandar da ke juya ƙafahun baya, aka yi walda nan aka yi can, aka ja bututun mai zuwa gaba don kada ta yi zahi, aka cire abin takawa na hagu aka jefa cikin tarkace. Geron rumbunshi na Tsibiri ya tahi a wannan aiki, geron da ƙannen Zuliha suka taya shi girbi ba su karɓi ko dami guda ba. Zuliha ta tsaya tana kallo ana auna shi ana ɗorawa. Irin wannan kallon ya kamata namiji shi riƙe shi a ranshi, ko da yake ba su cika riƙewa ba.

Duk kwanakin nan Idirisa shina ɗaki, an ce ma mutane masassara ce. Ranar da aka gama, ɗan kabu-kabu ya aje shi dab da ƙofar motar tun Maman Lawali shina wajen mai shayi. Kahin direbobin tasha su zo kallo, ya riga ya zauna, ya baza riga bisa gwiwa.

Inusa, wanda ke jan layin Tsibiri, ya leƙa ƙasan sitiyari ya ƙyalƙyale da dariya.

"Jama'a ku zo ku gani, abin takawa biyu! Kututture, wannan ai motar guragu ce."

"Ko ta matan Turawa," in ji wani.

"Ku dai ku ci gaba da zuba isansi kamar masu ban ruwa," in ji Idirisa. Ya yi dariya har ya hi kowa ƙara. Cikin rigar kuwa zufa ta jiƙa shi sharkaf.

Yanzu ga inda aka yi kuskuren, kuma ba wanda za a ɗora ma shi kaɗai. Batirin bashen nan ya daɗe da gajiya. Ba wanda ya taɓa ɗaukar wannan abin magana, don duk Maradi wace tsohuwar mota ce ke tashi da makulli? Turi ake yi. Ran nan kuwa motar tana maƙale tsakanin wasu matattun motoci, babu hilin turi, sai Maman Lawali ya jawo waya daga babban batirin garaji ya tada ta. Ta tashi, aka yi sowa, aka buɗe mata hanya. Shi bai tuna ba, Idirisa bai tuna ba, direbobin da ke tsaye su ma ba su tuna ba.

Da ya hita gari ya miƙe hanyar Jiratawa, sai ya ji ta canza da kanta, ta ƙara canzawa, can sai ta ƙara, inji ya yi luf kamar jariri ya sami nono. Motar nan da kullum take ihu kamar ana yanka ta, yau har kukan tsuntsaye shike ji. Hannunshi biyu bisa sitiyari, ƙafar hagu tana kwance abinta ba mai tambayarta. Idirisa ya ji hawaye, ya share da hannun riga. Ya ce a ranshi shi ke nan, asiri ya ruhu.

A Jiratawa wuri ɗaya shike tsayawa shekara da shekaru, bisa tudun bakin kanal ɗin da ke kai ruwa lambuna, hancin mota shina kallon gangara. Nan ya tsaya. Hannu ya tahi da kanshi ya kashe inji, yadda ya saba.

Mata suna jira da kwanduna da buhunan zogale. Babbarsu Inna Tasalla, tsohuwa ce busassa, ita ke raba wurin zama, ita ke cewa kayan wa za a sa ƙasa na wa za a sa bisa. Tun ranar da Idirisa ya fara wannan hanya ita ta tara mashi mata, lokacin da wasu direbobi suka zo da sabbin motoci ita ta hana su bin su.

"Ɗan nan, ka tashi? An ce masassara."

"Da sauƙi, Inna."

"Sauƙin ne ya hana ka sauko ka gaishe mu? Zauna abinka, sarki. Ina motar da aka ce ta koyi tuƙa kanta?"

"Ga ta, Inna. Yau za ki sha barci a hanya."

Suka yi lodi da kansu, suka ɗaure. Sannan kowa ta ɗaure zane ta kama wurinta a bayan mota, don haka al'adar take: su tura ta gangara, in ta tashi shi tsaya a ƙasa su hau. Inna Tasalla ba ta taɓa yarda a ce ta tsufa da turi ba, kusurwar hagu tata ce.

"Mu tahi!"

Mota ta gangara. Idirisa ya kai hannu ga gwiwa zai danna, sai ya ji babu abin dannawa. Ya ja sandar bitas ya sa inda Maman Lawali ya nuna mashi. Shiru. Mota ta yi ta gangarawa kamar amalanke har ta tsaya da kanta. Ya murɗa makulli, ya ji ƙyat, ƙyat, shi ke nan.

Nan take ya gane. Shekara nawa shina tuƙi? Turi ba ya tada mota sai an saki ambiriyaji ƙafahu su hizgi inji. Ambiriyaji kuwa shina can cikin tarkacen garaji. Ko Jiratawa duka ta taru ta tura har Katsina, wannan mota ba za ta tashi ba. Abin da ya rage shi ne mutum shi sauka, shi buɗe gaba, shi tahi neman batir.

Inna Tasalla ta iso taga tana haki.

"Yaya?"

Gaskiya tana bakinshi. Sai ya dubi mata, ya dubi maza can cikin lambuna sun ɗaga kai suna kallo, ya dubi ƙasa, da nisan da ke tsakanin ƙofar mota da ko'ina.

"Ba ta ɗauki gudu ba, Inna. Ku ƙara."

Suka ƙara. Gangara ta ƙare, yanzu miƙaƙƙiyar hanya ce mai rairayi, ga kaya maƙil. Ta madubi shike ganinsu, kawuna a sunkuye, ƙafahu suna nutsewa.

"Kututture, ko dai motar Baturen ba ta jin Hausa?"

"A yi mata da Faransanci mana!"

"Saura kaɗan," in ji shi. "Ta kusa."

Masu ban ruwa suka aje aikinsu suka zo taimako. Aka tura, aka huta, aka tura. Rana ta ɗaga, zogale ya fara laushi a buhu, warin tumatir ya tashi. Raha ta ƙare, sai nishi. Can sai ya ji an yi salati. Ramatu ce, wata mai goyo, santsin laka ya ɗebe ta ta faɗi bisa gwiwa, zane ya yage, jini shina bin ƙwauri, ɗiyar da ke bayanta tana tsala kuka. Idirisa shina zaune, hannu bisa sitiyari. Ko juyowa bai iya yi ba.

Wani dattijo mai lambu ya leƙo ya ce, "Malam Idi, ko batir za a nemo? Ga ƴan siyasa can."

Ƙetaren kanal, ƙarƙashin itacen bedi, motar wata jam'iyya ta tsaya da tutoci, an ɗaura mata amsa-kuwwa, ana tara mutane. Batir biyu gare su, ɗaya na mota ɗaya na magana. Inna Tasalla ba ta jira kowa ba, ta haye ƴar gadar kanal ta tahi roƙo.

Ashe mai maganar Abdu ne, maroƙin da ke yi ma Idirisa kirari zamanin kokawa. Ya ci rigunan Idirisa, ya ci ragonshi na Salla har sau biyu, da kokawa ta ƙare ya koma ma ƴan siyasa. Ba mugunta ya nufa ba, Allah ya sani. So ya yi shi rama alheri a gaban jama'a, shi kuma ƙawata taronshi. Sai aka ji amsa-kuwwa ta cika kwarin nan duka.

"Wa nike ji? Kututture na Tsibiri! Ubangidana, mai ƙafar ƙarhe! Batir kake so? Naka ne! Amma ba za mu ba tsohuwa ba. Taso da kanka, gagara maza, ka ɗauke shi hannu ɗaya yadda kake ɗaukar ƙatti! Jama'ar Jiratawa, ku buɗe hanya ku ga namiji!"

Aka ɗauki tafi da guɗa. Mai kalangu ya kama kiɗan kokawa. Matan da suka gama shan wahala su ma suka washe baki, suna share zufa.

Idirisa ya buɗe ƙofa. Ya sauke ƙafar dama. Ta hagu sai da ya sa hannu biyu ya ɗago ta ya aje ƙasa, kamar mai sauke buhu. Waɗanda ke kusa suka gani, tafinsu ya tsaya. Ya miƙe ya saki ƙofa, ya jefa ta dama, ta hagu ta biyo baya tana shara, takalmi ya kihe, yatsu suna zana layi cikin rairayi.

"Ga shi nan tahe! Kututture ba ka..."

Abdu ya hango ƙafar. Amsa-kuwwa ta rage sai ƙugi. Mai kalangu shi ne na ƙarshe da ya lura, ya ɗan ƙara bugu biyu shi kaɗai, sannan ya ɗauke hannu.

Da Idirisa ya faɗi, da an ruga an tada shi, da abin ya zo da sauƙi. Bai faɗi ba. Haka ya ja ta, kai a ƙasa, har bisa gada, mutane suna matsawa suna kau da ido. Ya ji wata tana cewa "Wayyo, bawan Allah," wannan kuwa ya hi mashi dariyar Inusa ciwo. Da ya isa, Abdu ya riga ya kwance batir ya rungume a ƙirji.

"Ubangidana, wallahi ban sani ba. Bari in kai maka."

"Kawo."

"Haba, ubangidana."

Ya miƙa hannu ya karɓa, nauyin ya rinjaye shi gehen hagu, ya yi tangaɗi. Inna Tasalla ta ce, "Abdu, karɓi abinka ka wuce gaba. Kai kuma dafa ni." Haka suka dawo, maroƙi a gaba da batir, tsohon ɗan kokawa shina dafe da kafaɗar tsohuwa.

Aka haɗa waya, ya murɗa makulli, mota ta tashi tun bugu na fari. Ba wanda ya yi sowa.

Mata uku suka kwance kayansu. Ba su yi faɗa ba, ɗaya ma har ta ce Allah shi ba da lahiya, suka ja kwandunansu gindin itace su jira wata mota. Sauran suka tsaya suna duban Inna Tasalla. Ita kuwa ta zagayo ta tsaya a taga.

"Idirisa."

"Inna."

"Tun yaushe ka san ba ta tashi da turi?"

Ya sunkuyar da kai bisa sitiyari.

"Da kai nike."

"Tun na fari."

"Tun na fari." Ta jinjina kai. "Ƙafa ta Allah ce, ya ba ka ka yi zamaninka, ya karɓi abinshi. Da ka faɗa mani, da ni zan tsaya maka gaban kowa. Amma ka zauna bisa kujera kana kallonmu ta madubi. Na yi jika da kai, ka ce in ƙara. Dubi gwiwar yarinyar nan."

Ya juya ya duba. Ramatu ta ɗaure wurin da gehen ɗankwali, jini ya huto ta ciki.

"Ramatu, ki yahe mani."

"Ba komai, Baba," in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Da komai," in ji Inna Tasalla. "Ke za ki zauna gaba, ke da ɗiyarki, yau da gobe da jibi har ƙafar ta warke. Ni ma gaba zan zauna, mu matsu. Ba don daɗi ba, ƙafarka ta dama zan kalla har Maradi. In na ga ta yi mani gardama ko sau ɗaya, ka rabu da Jiratawa."

"Na ji, Inna."

"Ban gama ba. Ba kasuwa za mu fara zuwa ba, tasha za ka kai mu. Abin da amsa-kuwwa ta faɗa, kahin azahar ya isa Maradi. Kai za ka faɗa ma sandika da bakinka, a tsaye, kada su ji a bakin Inusa."

"In suka hana ni lodi fa?"

"In suka hana ka, sun hana ka. Zan faɗi abin da na gani a hanya, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Suka hau. A gudoro mota ta canza, ta canza, inji ya kwanta luf, ba wanda ya yaba. Inna Tasalla ta sunkuyar da kai tana kallon ƙasan sitiyari, in ya taka birki sai ta ce "uhm." Ɗiyar Ramatu ta yi barci, kanta shina gogar hannunshi. Shi dai hanya shike kallo, don in ya waiga dama zai ga ɗankwalin nan mai jini.

A tasha bai kashe inji ba. Direbobi suna zaune a rumfa da shugaban sandika a tsakiya, Inusa ya hango shi ya taso shina dariya.

"A'a, motar guragu ta dawo! Yaya hanya, Kututture?"

Idirisa ya buɗe ƙofa, ya sa hannu biyu ya sauke ƙafar. Inusa ya tsaya cak, bakinshi a buɗe.

"Matsa mani," in ji Idirisa. "Shugaba nike son gani."

Ya ja ta zuwa rumfa. Inna Tasalla tana biye da shi a baya, ba ta kama shi ba.